Gada Biyu Kacal Gare Mu, Su Ma Mun Bar wa Tsatsa

A duk faɗin Nijeriya wuri biyu ne kawai jirgin ƙasa yake iya haye manyan kogunanmu. Ɗaya a Jebba, a kan kogin Kwara. Ɗaya a Makurdi, a kan Binuwai. Duk wanda yake shakka ya ɗauko taswira ya bi layin dogo da yatsa daga Kano ko daga Maiduguri ya gangara kudu, zai ga dole yatsansa ya bi ta ɗaya daga cikin wuraren nan biyu kafin ya kai bakin teku. Dukkansu kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka gina. Ta Jebba an kammala ta ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta haura shekara ɗari ke nan. Ta Makurdi an buɗe ta a 1932. Daga 1960 da aka sauke tutar Ingila zuwa yau, mun yi mulkin farar hula, mun yi na soja, mun ga kuɗin fetur kamar ƙasa, mun sake komawa farar hula, amma ba mu ƙara ko gadar jirgi ɗaya a kan kogunan nan ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma na gaji da haɗiye shi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falken shanu ne. A Nguru yake loda dabbobinsa a tarago, ya bi su har Ikko, wato Legas, ya dawo da goro. Ina yaro ya taɓa tafiya da ni. Na manta yawancin tashoshin da muka wuce, amma ban manta Jebba ba. Jirgi ya rage gudu kamar mai sanɗa, ƙarar da ke ƙarƙashinmu ta canja, ta zama wata irin amsa-kuwwa ta ƙarfe a kan ƙarfe, hira ta ɗauke a taragon baki ɗaya, dattawa suka shiga salati. Na leƙa ta taga na ga ruwa iya ganina, ga wani dutse a tsaye a tsakiyarsa. Baba ya riƙe mini riga ta baya ya ce, "Zauna, ɗan nan, Kwara ce, ba a yi mata wasa." Da muka sauka a ɗaya gefen sai na ji mutane suna hamdala kamar an dawo daga yaƙi. 'Ya'yana yau sun girma ba su taɓa jin wannan ƙara ba. Abin da suka sani shi ne kwana a hanya cikin jerin tireloli.

Kada wani ya ɗauka kewar Bature nake yi. Ba don ƙaunarmu aka shimfiɗa dogo ba. Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya fara layin Baro zuwa Kano a 1907 don a kwashe audugar Arewa a kai masaƙun Ingila, jirgi ya isa Kano a 1911. Manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka koma mata, dalar gyaɗa ta tashi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Kuzar Jos da gawayin Inugu su ne suka jawo layin gabas daga Fatakwal. Kuma wa ya haƙa ƙasar, wa ya ɗauki dutsen a ka, wa ya sare dajin? Kakanninmu ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa da sauransu, da yawansu ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebo su ala tilas, aka raba su da gonakinsu. Shi ya sa nake cewa gadojin nan namu ne halak malak. Bature ya kawo zane da ƙarfe, gumin na kakanninmu ne. Wanda ya bar su suka lalace, gadon iyayensa ya wulaƙanta.

A duba irin wahalar da aka sha kafin a same su. Layin da ya taso daga Ikko ya iso Jebba a 1909, ya tsaya cak a bakin ruwa. Shekaru aka yi ana ɗora taragai a kan jirgin fito ana ƙetarar da su kaɗan-kaɗan. Sa'ar da aka yi ita ce akwai tsibiri a tsakiyar kogin, sai aka raba aikin biyu, gada daga kudu zuwa tsibiri, wata daga tsibiri zuwa arewa. A Makurdi ma haka aka yi ta fito da taragai, har aka ɗauko kamfanin Sir William Arrol daga Gilasgo ya gina gada mai tsawon kusan rabin mil wadda jirgi da mota duka suke bi, Gwamna Donald Cameron ya buɗe ta ranar 24 ga Mayu 1932. Babu na'urorin yau a lokacin. Ƙusoshin da suka haɗa ƙarafan nan a wuta ake gasa su har su yi ja, a cusa a rami, a doke kansu da guduma kafin su huce, ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kan dubbai, mutum yana rataye a saman ruwa.

Wannan kamfani na Arrol shi ne ya gina gadar Forth a Sikotilan, wadda aka buɗe a 1890. Ta girmi ta Makurdi da shekara 42. Yau jirage kusan 200 suke bi ta kanta a kullum. Masu ita sun shafe kimanin shekara goma suna kankare tsohon fenti suna shafa sabo, suka gama a 2011, sannan a 2015 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. In an ce ai can Turai ce, to a zo Afirka. Gadar da ke kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tun 1905 take tsaye, kuma har yanzu jirgi yana hawanta. Zimbabuwe fa, ƙasar da kuɗinta ya taɓa zama takardar banza. Su sun iya riƙe tasu. Mu da muke kiran kanmu giwar Afirka, wane uzuri za mu kawo?

Gadar ƙarfe ba ta mutuwa dare ɗaya. Ruwan sama yana kwanciya a lungunan da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ƙura da kashin tsuntsaye su taru su riƙe danshi, fenti ya ɗaye, tsatsa ta shiga tana ci daga ciki har ƙarfe mai kauri ya koma kamar ɓawon albasa. Ƙarfe yana miƙewa da zafin rana yana tsukewa da sanyin dare, don haka aka ɗora kowane sashe a kan mazauni mai ba shi damar motsi kaɗan. In aka bar mazaunin nan ba mai ba shara sai ya cije, nauyin ya koma inda ba a tsara masa ba. Can ƙasa kuma, inda ido ba ya kaiwa, ambaliya tana rarake yashin da ke gindin ginshiƙai, ga masu ɗiban yashi suna taya ta. Binuwai ta yi hauka a 2012, ta sake yi a 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Bayan kowace irin wannan ambaliya kamata ya yi a sa masu nutso su duba gindin kowane ginshiƙi, a buga rahoto kowa ya gani. Maganin duk waɗannan cututtuka sananne ne kuma mai araha ne: burushin ƙarfe, fenti, man giris, da ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa kullum shi ne ya zaga da guduma yana ƙwanƙwasa ƙusa yana sauraron wadda ta saki. Wannan ne ya gagare mu.

Zuwana Makurdi na ƙarshe, na taka tsohuwar gadar da ƙafa tun daga gefen arewa har na sauka cikin gari. 'Yan acaɓa da ƙananan motoci suna ta wucewa, mata da tallan kifi, yara suna wasa a kan layin da jirgi ya kamata ya bi. Na dafa wani ƙarfe, tsatsa ta biyo tafin hannuna ja wur kamar na taɓa jar ƙasa. Na tambayi wani dattijo Bahaushe mai sayar da rake a bakin gadar yaushe rabonsa da ganin jirgi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai mun daina lissafi." Na tsaya a tsakiyar gadar ina kallon ruwa, wallahi sai da idona ya cika.

Alƙaluman ma abin kunya ne. A 1964, shekarar da layi ya isa Maiduguri bayan ya ratsa Bauchi da Gombe, jiragen ƙasan Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya wajen tan miliyan 3. A lokacin nan yawanmu bai kai kashi ɗaya cikin uku na yau ba. A farkon shekarun 2000 kayan da ake ɗauka sun faɗo ƙasa da tan dubu ɗari. Layin da muka gada ya kai kilomita 3,505, ya taɓa Ƙauran Namoda tun 1929, ya taɓa Nguru tun 1930. Je ka tashoshin nan yau ka ga awaki a ofishin mai sayar da tikiti.

Kayan da jirgi ya daina ɗauka ai ba ɓacewa suka yi ba. Kan titi suka koma. Shanu, hatsi, albasa, tumatir, siminti, taki, fetur, duk a bayan tirela da tanka, a kan kwaltar da ba a yi ta don wannan nauyi ba. Tarago ɗaya kan ɗauki kayan tirela guda ko fiye, jirgi ɗaya kuwa yana jan taragai ashirin ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mun ajiye wannan mun zaɓi hanya, hanyar kuma tana cin mu. A 2017 gadar mota ta Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta, motoci suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, kayan gwari suka ruɓe, dabbobi suka mutu a tsaye. A Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta Jihar Jigawa, wuta ta cinye mutum fiye da 150. Wata uku bayan haka aka sake yi a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da 80 suka tafi. Na san talauci ne ya kai mutane kwasar mai, na san akwai ganganci. Amma ina tambaya, me tankar fetur take yi a tsakiyar ƙauye tun farko, a ƙasar da kakanninta suka shimfiɗa dogo tun daga bakin teku har iyakar Sahara?

Sai kuma Mokwa. Daren 28 wayewar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci. Gawarwakin da aka ƙirga sun haura 150, waɗanda ba a gani ba Allah kaɗai ya san yawansu, cikinsu har da almajirai ƙanana. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwan ya daɗe yana taruwa a bayan tudun da layin dogo yake kai, har ranar da tudun ya kasa riƙewa ya ɓalle. Wannan layi shi ne wanda ya taso daga gadar Jebba ya nufi Zungeru da Minna da Kaduna. Tudun dogo yana da kwalbatoci da aka yi don ruwa ya wuce. A da akwai leburorin dogo, kowace ƙungiya da nata yanki, suna bin layi da ƙafa suna yashe magudana kafin damina. Da wannan aiki yana raye, ai da wani ya ga tafki yana tasowa inda babu tafki, ya kai rahoto. Mutuwa wa'adi ce, mun yi imani da haka. Sakaci kuma laifi ne da za a tambayi mai shi ranar gobe. Abin da ya faru a Mokwa ya nuna cewa layin da aka yi watsi da shi ba kwanciya yake yi shiru ba, yana iya tashi ya kashe mutane. In tudun ƙasa ya yi wannan ɓarna, a auna abin da zai faru ranar da wani sashe na gadar Jebba ya zube da jirgi a kansa.

Za a ce mini ai gwamnati tana aikin jirgi. Na sani. An gyara layin Ikko zuwa Kano, kilomita 1,126, aka buɗe da biki a ƙarshen 2012, daga nan kuma yau jirgi ya zo, gobe a yi watanni shiru. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Warri zuwa Itakpe a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, aikin da aka ce zai ci wajen dala biliyan 3. Abin da aka iya buɗewa a 2024 shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita sittin da 'yan kai. Makurdi tana jira, Lafiya tana jira, Kafancan da ta rayu da jirgi tana jira, Bauchi da Gombe da Maiduguri ba a ma maganarsu.

Ga kuma abin da ba a son faɗa wa talaka. Sababbin layukan nan faɗinsu daban ne da tsohon. Tsohon milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sabon 1,435. Jirgin Abuja ba zai iya taka tsohon layi ba, balle ya haye gadar Jebba yadda take a yanzu. Sabon layin kudu ya tsaya a Ibadan. Na arewa ya tsaya a Abuja. Na Warri ya tsaya a Itakpe. Me ke tsakaninsu? Kwara. An gina guntaye uku, kowanne ya tsaya nesa da bakin kogi, an tsallake wuri mafi wuya wanda kuma shi ne mafi amfani. Yanzu ana shimfiɗa layi daga Kano zuwa Maraɗi kan kuɗi kusan dala biliyan 2, ana ce wa 'yan'uwanmu na Nijar kayansu za su riƙa zuwa tashar ruwa ta Legas ta jirgi. Ina son layin nan, domin Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne aka raba. Amma ta wace gada kayan za su haye? A nuna mana ita. In babu, a daina yi wa mutane romon baka.

Laifin nan na fi ɗora shi a kan manyan Arewa. Mutumin Legas yana da teku a ƙofar gidansa, mutumin Fatakwal haka. Mu ne ba mu da gaɓa, mu ne duk abin da muka noma da duk abin da muka saya sai ya haye ɗayan kogunan nan. Gwamnoni 19 gare mu, sanatoci 57 daga jihohin nan, ga ministoci, ga 'yan majalisar wakilai fiye da rabin zauren. Mun ba da shugabannin ƙasa na soja da na farar hula. Ministocin sufuri nawa ne suka fito daga cikinmu? Wane ne a cikinsu ya taɓa tsayawa ya kafe cewa ba zai sa hannu a kasafin kuɗi ba sai an ware na gadar jirgi? Abin da suka iya shi ne gadar sama a tsakiyar birni, inda babu ko kududdufi, a shafa mata fenti mai ƙyalli a liƙa sunan wani babba, a kira mawaƙa. Gadar da ke ciyar da jihohinsu tana can tana ruɓewa don babu wanda zai yanke ƙyalle a kan aikin kankare tsatsa, kuma kwangilar fenti ba ta da maiƙon da za a raba. Tun Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Tsohon uzurin nan na cewa abin na tarayya ne ya faɗi. Ranku ya daɗe, me kuke jira?

Mu talakawa ma ba za mu wanke hannu ba. Su wa suke kwance notina da ƙarafan dogo cikin dare suna kai wa 'yan gwangwan? 'Ya'yanmu ne. A 2021 'yan sanda a Jihar Nasarawa sun kama manyan motoci maƙare da ƙarafan layi, kuma waɗanda aka kama ba duka ne ƙananan mutane ba. Yaro mai buhu a kafaɗa ba shi da injin yanka ƙarfe, ba shi da tirela, ba shi da masana'antar narkarwa. Akwai mai saye, akwai mai ba da hanya a shingen bincike, akwai wanda ake kai wa kasonsa har gida. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma mu da muke zaune a unguwa muna ganin ana loda ƙarfen jirgi muna kau da kai, mu da muka kafa rumfunan kasuwa a kan layi, muka mai da kwalbatocinsa juji, da wane baki za mu zagi gwamnati? Ina roƙon malamanmu su hau mumbari su faɗa ƙarara cewa ƙarfen dogo dukiyar al'umma ce, satarsa haramun ce, sayensa haramun ne, kuma wanda ya kwance noti ɗaya daga gada yana iya ɗaukar alhakin rayukan tarago guda.

Abin da nake nema ba ya buƙatar taron ƙasa. A ɗauko injiniyoyi masu zaman kansu, ga su nan a jami'o'inmu na Zariya da Minna da Makurdi, su duba gadar Jebba da ta Makurdi tun daga ƙusa har gindin ginshiƙi, su haɗa da ta Kaduna da ta Zungeru da sauran ƙanana, a buga sakamakon a jarida da Hausa da Turanci. A ware kuɗin kulawa na kowace shekara da sunan kowace gada, yadda za a iya bin sawunsa. A dawo da leburorin dogo, a ɗauki matasan garuruwan da layi ya ratsa, wanda yake cin abinci daga layi ba zai bari a sace shi ba. A hana ɗiban yashi kusa da ginshiƙai. Sannan kada a sake ciwo bashin ko sisi don wani sabon guntun layi sai an faɗa mana wuri da ranar da za a kafa sabuwar gadar jirgi a kan Kwara.

Kai kuma mai karatu, zaɓe yana tafe, za su zo ƙofar gidanka da taliya da atamfa. In ɗan takarar sanata ko na gwamna ya tsaya a gabanka, ka tambaye shi yaushe rabon da a duba gindin gadar Jebba, kuma nawa ya nema a kasafin kuɗi don gadar Makurdi. In ya kasa ba ka amsa, kada ka ba shi ƙuri'arka.